Sarkin Musulmi Bello da Taswirarsa

Da hutun nan da ya wuce na iske ƙanena da abokansa a gidanmu na unguwar Abattoir a Jos, sun shimfiɗa kwali sun zana duwatsu da rafi da ganuwa a bisansa, suna tura murafun kwalba a maimakon mayaƙa. Sun kwaikwayo wasan nan ne da ya fito daga Amurka a 1974, wanda a ke kira Dungeons & Dragons. Ƙanena ne mai zanen, ya kuwa rufe rabin ƙasar da takarda, ba mai ganin abin da ke gaba sai rundunarsa ta isa. Yaran suna ta gunaguni. Ni kuwa sai na tuna da wani babban sarki wanda ya taɓa yi wa baƙonsa haka.

An haifi Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wajen 1781. Yana saurayi aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ya shiga yaƙi tun daga farkonsa. Shi ya ja rundunar da ta ci Alƙalawa, birnin Gobir, a 1808, a shekara ta biye ya kafa Sakkwato. Amma ba takobi kaɗai ya riƙe ba. A 1812 ya gama littafinsa Infaƙul Maisuri, wanda a farkonsa ya bi ƙasashe ɗaya ɗaya, Barno da Ahir da ƙasar Hausa, yana faɗin mutanensu da halinsu. Watau malamin labarin ƙasa ne tun ba a kawo mana darasin a aji ba. Da Shehu ya rasu a 1817 aka naɗa shi Sarkin Musulmi.

A watan Maris na 1824 wani Bature, Kyaftin Clapperton, ya iso Sakkwato yana neman inda kogin Kwara ya ƙare, gama Turawa sun daɗe suna gardama a kai. Bello ya karɓe shi da girma. Ran nan suna zance ya zana masa kogin a kan rairayi, ya nuna ya faɗa teku ta kudu. Amma taswirar da aka ba baƙon a takarda, mai sunayen garuruwa da Larabci, ta kai kogin gabas wajen Masar. Da Clapperton ya nemi tafiya Yawuri da Nufe ya gani da idonsa, aka hana shi, aka ce hanya ba lafiya. An buga taswirar a London a 1826.

To, 'yan'uwa, kuskure ne ko dabara? Waɗansu masana sun ce da gangan ne, ni ma nan na karkata. Mutumin da fatake ke zuwa ƙofarsa daga Nufe, wanda ya kuwa ji abin da Ingilishi suka yi a Indiya, da wuya ya shimfiɗa wa jiragensu hanya har cikin gida. Clapperton ya komo a 1826, ya mutu a Sakkwato a 1827 bai ga bakin kogin ba. Sai a 1830 baransa Richard Lander da ɗan'uwansa John suka bi ruwan daga Busa har teku.

Bello ya ƙare zamaninsa yana gina ribaɗi a bakin iyaka, musamman Wurno, inda ya fi zama. A 1836 ya karya taron Gobirawa da Katsinawa da Buzaye a Gawakuke, ya rasu a Wurno a 1837, can kabarinsa ya ke.

Da na ba yaran labarin, suka matsa mini sai na zana musu Alƙalawa da gulbin Rima. Na zana, ƙanena ya karɓa ya rufe mashigin gulbin da takarda.