William Gosset: Mutumin da ya ɓoye sunansa, amma lissafinsa ya zagaye duniya

Idan ka taɓa zama ajin dabarun bincike a jami'a, ba mamaki ka ci karo da gwajin "t". Mu a sashen koyon aikin jarida, da an ambace shi sai ka ga gaban wasunmu ya faɗi. To amma ka taɓa tambayar wa ya ƙirƙiro shi?

Sunansa William Sealy Gosset. An haife shi a garin Canterbury na ƙasar Ingila a shekarar 1876. Ya karanta kimiyyar sinadarai da lissafi a Jami'ar Oxford, a 1899 kuma ya kama aiki a kamfanin giya na Guinness da ke birnin Dublin.

A can ne ya haɗu da matsalar da ta hana shi sakat. Kamfanin da sha'ir yake aiki. Ɗauka ga iri biyu, an shuka kowanne a 'yan gonaki kaɗan. Da aka auna, matsakaicin amfanin na farko ya ɗara na biyu. Shin da gaske ya fi shi kyau, ko dai sa'ar ƙasa da ruwan sama ya yi? Lissafin zamanin sai da samfuri masu yawa yake ba da amsa, shi kuwa 'yan kaɗan ne a hannunsa, kuma in aka zaɓi irin da bai dace ba, asara ce.

A 1906 ya tafi Landan wurin masanin ƙididdiga Karl Pearson, a 1908 kuma ya fitar da amsarsa a mujallar Biometrika. Ga yadda ake amfani da ita yau. Ka fara da zaton cewa babu wani bambanci tsakanin rukunin biyu. Sai ka ɗauki tazarar da ke tsakanin matsakaitansu, ka raba ta da ma'aunin yadda alƙaluman suka warwatsu. In sakamakon ya yi girman da wuya sa'a kaɗai ta haifar da shi, sai ka yi watsi da zaton farko. In bai kai ba, to ka kama bakinka, ba ka da hujja tukuna.

Abin mamakin shi ne, takardar ba ta fito da sunansa ba. Kamfanin bai yarda ma'aikatansa su riƙa wallafa bincike da sunayensu ba, don haka ya sa hannu da "Student", wato Ɗalibi. Daga baya Ronald Fisher ya faɗaɗa aikin. Gosset bai bar kamfanin ba har ya rasu a 1937 yana da shekara 61, shekara biyu bayan an mayar da shi Landan ya jagoranci sabuwar masana'antarsu.

Yau likitoci da manoman zamani da ɗalibai irina duk da lissafinsa muke aiki, galibinmu ko sunansa ba mu sani ba.

Saboda haka, ɗan'uwa, 'yar'uwa, gobe in ka ga wani ya ɗora a Facebook cewa wannan magani ya fi wancan, ko 'yan wannan makaranta sun fi na waccan ƙoƙari, kada ka yi saurin yaɗawa. Tambaye shi: mutum nawa aka gwada, kuma bambancin ya wuce abin da sa'a za ta iya kawowa?