Aleksandar Nikolić: Farfesan da ya raini ƙwallon kwandon Yugoslabiya

A birnin Belgrade na ƙasar Sabiya akwai wani babban zauren wasanni da aka daɗe ana kira Pionir. A 2016 hukumomi suka sauya masa suna zuwa na Aleksandar Nikolić, mutumin da ake yi wa laƙabi da Farfesa, ake kuma ɗauka a matsayin uban ƙwallon kwandon tsohuwar Yugoslabiya.

An haife shi a Sarajevo ranar 28 ga Oktoba, 1924. Ya fara taka leda a Belgrade bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da ake buga wasan a fili a harabar tsohuwar ganuwar Kalemegdan. Ya buga wa Partizan, sannan ya koma Crvena Zvezda, inda ya ci gasar ƙasa sau uku a jere daga 1947 zuwa 1949. Gajere ne a wasan da dogaye suka mamaye, bai kuma daɗe yana bugawa ba. Baiwarsa ta fito ne da ya koma horarwa.

A farkon shekarun 1950 aka damƙa masa tawagar ƙasa, wadda ba a san da zamanta ba a Turai. Kafin ya sauka a 1965 ta samu lambar azurfa a gasar Turai ta 1961 da ta 1965, da tagulla a ta 1963, da kuma azurfa a gasar duniya ta 1963 a Brazil. Cikin yaransa har da Radivoj Korać, gwanin jefa ƙwallo a kwando. An san Nikolić da tsanani a fagen atisaye, da fifita tsaron gida, da maimaita abu ɗaya har sai ya zauna a jikin ɗan wasa.

Shekaru huɗun da ya yi a ƙungiyar Ignis Varese ta Italiya, daga 1969 zuwa 1973, su suka kai sunansa ko'ina. Ya kai ƙungiyar wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai sau huɗu a jere, ya ci uku. Na farkon, a 1970, a mahaifarsa Sarajevo ya ɗaga shi bayan doke CSKA ta Mosko. Da ya dawo gida ya ci wa Crvena Zvezda kofinta na farko na Turai a 1974.

Zinariyar da ta gagare shi da tawagar ƙasa ta zo ne a karo na biyu. Ya lashe gasar Turai a 1977 a Beljiyam, sannan ya ci gasar duniya a Manila a 1978, inda Yugoslabiya ta doke Tarayyar Sobiyet da ci 82 da 81 bayan ƙarin lokaci.

Sai dai babban gadonsa shi ne almajiransa. Ya koyar a sashen ilimin motsa jiki na Jami'ar Belgrade, kuma da girma ya zo masa sai ya amince ya koma bayan fage yana ba matasan masu horarwa shawara. Ya tallafa wa Božidar Maljković a Jugoplastika ta Split, wadda ta mamaye Turai a ƙarshen shekarun 1980. A kakar 1991 zuwa 1992, ƙasar na wargajewa saboda yaƙi, ya tsaya wa Željko Obradović, wanda bai taɓa horar da babbar ƙungiya ba. Yaƙin ya tilasta wa Partizan buga yawancin wasanninta na gida a Fuenlabrada ta Sifaniya, duk da haka ta ci kofin Turai a Istanbul. Jimilla, Obradović ya ɗaga kofin har sau tara.

An shigar da Nikolić zauren karramawa na Naismith a Amurka a 1998. Ya rasu a Belgrade ranar 12 ga Maris, 2000, yana da shekara 75.