Harold Black, injiniyan da ya tace muryar amfilifaya

Duk wanda ya taɓa jin kiran sallar asuba daga lasifikar masallatan Sokode, ko tallar mai magani a kasuwar Dapaong, ya amfana da aikin wani Ba'amurke da galibinmu ba mu san ko sunansa ba, wato Harold Stephen Black.

An haife shi ranar 14 ga Afrilu, 1898 a garin Leominster na jihar Massachusetts. Ya kammala karatun injiniyan lantarki a Worcester a 1921, ya kama aiki da kamfanin Western Electric, sannan Bell Labs daga 1925.

Ba lasifika ce ta dame shi ba, wayar tarho ce. A wancan zamani, murya kan raunana a kan doguwar waya, sai an jera amfilifaya da dama a hanya suna ƙara mata ƙarfi. To amma kowace takan ɗan gurɓata muryar, ta gaba kuma ta ƙara wa gurɓacin ƙarfi, har magana ta dagule. Black ya shafe shekaru yana fama da wannan.

Ranar 2 ga Agusta, 1927, yana cikin jirgin fito a kogin Hudson kan hanyarsa ta zuwa aiki, sai dabara ta faɗo masa, ya zana ta a jikin jaridar New York Times. Ga dabarar: a ƙera amfilifaya mai ƙarfi fiye da bukata, sannan a ɗebi kaɗan daga abin da take fitarwa, a juya shi, a mayar mata ta mashiga. Ƙarfi zai ragu, amma gurɓacin zai ragu tare da shi. Wato a sayar da ƙarfi a sayi tsabtar murya.

A ganinmu, nan ne jarumtarsa take, domin a lokacin kowa ƙarin ƙarfi yake nema. An kuma san cewa idan abin da aka mayar bai juyu daidai ba, na'urar kan ɓarke da kuwwa, kwatankwacin yadda lasifika ke yi a gidan biki idan makirufo ya matso kusa da ita. Abokin aikinsa Harry Nyquist ne ya fitar da ƙa'idar kauce wa hakan a 1932. Shi kuwa Black, ya nemi takardar mallakar fasaharsa a 1928, ba a ba shi ba sai 1937.

Yau da wuya mai gyaran rediyo ya buɗe amfilifaya bai tarar da dabararsa a ciki ba. Ya rasu ranar 11 ga Disamba, 1983, yana da shekara 85.