Edgar Codd: Masanin lissafin da ya sauya yadda kwamfuta ke adana bayanai

Duk lokacin da mutum ya buɗe wayarsa ya lalubo lambar wani, ko ya duba kuɗin da ya rage masa a banki, akwai wata manhaja a ɓoye da ke binciko masa amsar daga rumbun bayanai. Akasarin irin waɗannan rumbuna an gina su ne a kan tunanin mutum ɗaya, Edgar Frank Codd, ɗan asalin Ingila da ya yi yawancin aikinsa a kamfanin IBM na Amurka. Ya rasu a 2003, kuma har yanzu ba kowa ne ya san sunansa ba.

Daga tuƙin jirgin yaƙi zuwa IBM

An haifi Codd, wanda abokan aikinsa ke kira Ted, ranar 19 ga Agustan 1923 a tsibirin Portland da ke kudancin Ingila. Ya karanci lissafi da kimiyyar sinadarai a Jami'ar Oxford, sannan a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya yi aikin tuƙin jirgi a rundunar sojin saman Birtaniya.

A 1948 ya ƙaura zuwa New York, inda ya kama aiki da IBM a matsayin mai rubuta wa kwamfuta umarni. A 1953 ya tattara ya koma Ottawa ta Kanada, saboda ƙyamar farautar da Sanata Joseph McCarthy ke yi wa waɗanda ake zargi da ra'ayin gurguzu. Bayan 'yan shekaru ya dawo IBM, ya kammala digirin digirgir a Jami'ar Michigan a 1965, daga nan aka tura shi cibiyar binciken kamfanin da ke San Jose a jihar Kalifoniya.

Matsalar da ya tarar

A wancan zamani bankuna da kamfanonin jiragen sama sun riga sun fara zuba bayanansu a kwamfuta, amma ɗauko su aiki ne ja. Manhajar IBM mai suna IMS, wadda aka fara ginawa domin lissafin kayan kumbon Apollo, tana jera bayanai ne kamar rassan bishiya: sai ka bi ta kututture, ka bi reshe, kafin ka kai ga ganyen da kake nema. Ɗaya tsarin da ake yayi, wanda Charles Bachman ya yi fice da shi, yana ɗaure bayanai da juna kamar saƙar gizo.

A duka biyun, dole mai rubuta manhaja ya san hanyar da aka bi aka ajiye kowane bayani. Idan manaja ya zo da wata tambaya da ba a yi tanadinta ba, sai an zauna an rubuta sabuwar manhaja. Idan kuma aka sauya yadda aka jera bayanan, tsofaffin manhajoji su daina aiki.

A watan Yunin 1970 Codd ya wallafa wata maƙala a mujallar ƙungiyar masana kwamfuta ta ACM. Shawararsa ita ce a zuba komai a jadawali mai layuka, kamar littafin ɗan kasuwa. Jadawali ɗaya na abokan ciniki, kowa da lambarsa. Wani na kaya da farashinsu. Na uku na cinikin da aka yi, wanda ke ɗauke da lambar mai saye da ta kayan kawai. Lambobin nan su ne ke haɗa jadawalan.

Amfanin haka biyu ne. Na farko, idan abokin ciniki ya sauya adireshi, wuri ɗaya za a gyara, ba a kowane rasit ba. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, mai tambaya zai faɗi abin da yake so ne kawai, ita kwamfutar ta san yadda za ta nemo shi. Codd ya kafa wannan tsari a kan ƙa'idojin lissafi, ta yadda za a iya tabbatar da ingancin amsar.

Kamfaninsa ya ja ƙafa

IBM bai yi rawar jiki ba, domin yana samun kuɗi sosai daga IMS, kuma injiniyoyi da dama na ganin sabon tsarin zai yi wa kwamfutocin lokacin nauyi. Codd bai yi shiru ba. Ya riƙa bayyana tunaninsa ga abokan cinikin kamfanin, su kuma suka fara tambayar yaushe za a sayar musu. A 1974 ya yi wata fitacciyar muhawara da Bachman a garin Ann Arbor kan wane tsari ne ya fi.

Da kamfanin ya amince a gwada, a wani aiki mai suna System R, ba Codd aka ɗora a kai ba. Wasu matasan masu bincike biyu, Donald Chamberlin da Raymond Boyce, su suka ƙirƙiro yaren yi wa rumbun tambaya, wanda daga baya ya zama SQL. A Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ma, Michael Stonebraker da Eugene Wong sun gina nasu mai suna Ingres.

Wanda ya fi kowa cin gajiyar jinkirin shi ne Larry Ellison. Ya karanta abubuwan da masu binciken IBM ke wallafawa, ya kafa ƙaramin kamfani da abokansa a 1977, ya fito da manhajar Oracle kasuwa a 1979. Sai a 1981 IBM ya fitar da tasa, sannan DB2 ta biyo baya a 1983. Ellison ya shiga sahun attajiran duniya, shi kuwa Codd ya samu lambar yabo ta Turing a 1981, wadda ita ce mafi daraja a fagen kwamfuta.

Ma'aunin tantance na ƙwarai

Da kasuwa ta buɗe, kowane kamfani sai ya fara tallata cewa manhajarsa na bin tsarin Codd, har da waɗanda kwaskwarima kawai suka yi wa tsofaffin kayansu. Wannan ya ɓata masa rai. A 1985 ya fitar da wasu sharuɗɗa a mujallar Computerworld, waɗanda aka fi sani da dokoki 12, ko da yake 13 ne domin ya fara ƙirga su daga sifili. Manufarsa ita ce mai saye ya samu abin auna kayan da ake tallata masa.

Sharuɗɗan sun yi tsaurin da manyan manhajojin kasuwa ba su cika su duka ba, har da ta IBM. SQL kansa bai tsira ba, domin Codd ya soki yadda yake barin layi ɗaya ya maimaitu a jadawali. Bayan ya bar IBM a tsakiyar shekarun 1980, ya kafa kamfanin ba da shawara tare da Chris Date da Sharon Weinberg, wadda ta zama matarsa.

Daga ɗakin kwamfuta zuwa aljihu

Codd ya yi tunaninsa ne domin manyan kwamfutoci masu cika ɗaki. A yau irin su Oracle da DB2 da PostgreSQL na zaune a kan manyan na'urori, suna amsa wa dubban mutane a lokaci guda. Amma akwai wani rukuni na ƙananan rumbuna da ake dasawa a cikin manhajar kanta, ba sa buƙatar wata na'ura daban ko ma'aikacin da zai kula da su.

Mafi shahara a cikinsu ita ce SQLite, wadda Richard Hipp ya fitar a 2000. Tana ajiye komai a fayil ɗaya, kyauta ce, kuma tana cikin wayoyin Android da iPhone. Rauninta shi ne mutum ɗaya ne kawai ke iya rubutu a cikinta a lokaci guda, don haka ta fi dacewa da waya ko ƙaramin shago fiye da babban banki. Berkeley DB kuwa, wadda Oracle ya mallaka a 2006, asalinta ba ta bi tsarin jadawali ba: kowane bayani da mabuɗinsa, abin da ke ba ta sauri amma ya bar wa mai rubuta manhaja wahalar haɗa bayanai.

Kamfanin da ke zaɓa tsakanin waɗannan a yau, tambayoyin Codd yake maimaitawa: shin za a iya yin sabuwar tambaya ba tare da an rushe gini ba, kuma shin bayanan za su ci gaba da zama daidai?

Codd ya rasu ranar 18 ga Afrilun 2003 a gidansa da ke jihar Florida sakamakon ciwon zuciya, yana da shekara 79. Shekara ɗaya bayan haka, ƙungiyar masana rumbun bayanai ta sanya sunansa a kan babbar lambar yabon da take bayarwa duk shekara.