Ja'afar ɗan Abu Ɗalib: Sahabin da ya sa Sarkin Habasha kuka da ƙissar Nana Maryam

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammad da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

A cikin sahabban Manzon Allah (SAW) akwai waɗanda aka fi tunawa da su saboda jarunta, akwai waɗanda aka fi tunawa da su saboda ilimi ko dukiyar da suka ciyar. Ja'afar ɗan Abu Ɗalib (RA) ya samu babban rabo a fagen fama, amma aikin da ya tsirar da kusan mutum ɗari daga Musulmin farko da baki ya yi shi, a fadar wani sarki da ya bambanta da shi a harshe da launin fata da addini. Labarai biyu kawai ya shiga fadar da su: labarin mutanensa na Makka, da ƙissar Nana Maryam.

Asalinsa da tasowarsa

Ja'afar ɗan baffan Manzon Allah (SAW) ne. Mahaifinsa shi ne Abu Ɗalib, mahaifiyarsa kuma Faɗimatu 'yar Asad. Wa ne ga Sayyidina Ali (RA), ya girme shi da shekara goma. Abu Ɗalib mutum ne mai daraja a cikin Ƙuraishawa, sai dai iyalinsa na da yawa, abin hannunsa kuma kaɗan ne. Da wani fari mai tsanani ya auka wa Makka, kafin a aiko Annabi (SAW) da manzanci, sai shi da baffansa Abbas suka je domin su rage wa Abu Ɗalib nauyi. Annabi (SAW) ya ɗauki Ali, Abbas ya ɗauki Ja'afar. Ke nan tun yana ƙarami Ja'afar ya san yunwa, ya kuma san zama a ƙarƙashin inuwar wani.

Yana cikin waɗanda suka karɓi Musulunci tun da wuri, shi da matarsa Asma'u 'yar Umais (RA). Da azabtarwar Ƙuraishawa ta tsananta, Manzon Allah (SAW) ya nuna wa sahabbansa ƙasar Habasha, ya shaida musu cewa tana da sarkin da ba a zaluntar kowa a wurinsa. Ayari na farko ya ƙetare Bahar Maliya a watan Rajab na shekara ta biyar bayan aike, wajajen shekarar 615 Miladiyya, ciki har da Usman ɗan Affan da matarsa Ruƙayya 'yar Manzon Allah. Daga baya adadin masu hijirar ya kai maza 83, ban da mata da yara. Ja'afar ne ya zama jagoransu kuma bakinsu.

Ranar da aka tsaya a gaban Najjashi

Ƙuraishawa ba su haƙura ba. Suka tura mutum biyu masu wayo da iya zance, Amru ɗan Asi da Abdullahi ɗan Abu Rabi'a, ɗauke da kyaututtuka, mafi yawansu jemammun fatu waɗanda Habashawa ke sha'awa daga Makka. Ummu Salama (RA), wadda take cikin masu hijirar kuma ita ta ruwaito labarin, ta bayyana dabarar da aka shirya: a fara bi ta kan manyan fadawa da kyauta ɗaya bayan ɗaya, domin su sa baki sarki ya miƙa mutanen ba tare da ya saurare su ba. Babu abin da manzannin biyu suke tsoro kamar a bar Musulmi su yi magana. Sun gabatar da su a matsayin wasu wawayen samari da suka bar addinin iyayensu, ba su kuma shiga addinin sarki ba.

Sarkin, wanda sunansa As'hama, laƙabin sarautarsa kuma Najjashi, ya fusata da wannan buƙata. Ya ƙi ba da mutanen da suka zaɓi maƙwabtakarsa kafin ya ji ta bakinsu. Ya tara manyan limaman addininsa, suka buɗe littattafansu kewaye da shi, sannan aka shigo da Musulmi.

Ja'afar bai fara da sukar addinin kowa ba, bai kuma fara da zagin waɗanda suka biyo su ba. Ya ba da labarin yadda shi da mutanensa suke a dā: masu bautar gumaka, masu cin mushe, masu yanke zumunci da cutar da maƙwabci, mai ƙarfi a cikinsu yana cinye mai rauni. Ya ba da labarin mutumin da Allah Ya aiko daga cikinsu, wanda suka san asalinsa da gaskiyarsa da amanarsa da kamun kansa tun kafin ya kira su zuwa ga komai. Ya lissafa abin da ya umarce su da shi na kaɗaita Allah da faɗin gaskiya da riƙon amana da sada zumunci da kyautata maƙwabtaka, da abin da ya hana su na zubar da jini da shaidar zur da cin dukiyar maraya da yi wa mata kamammu ƙazafi. Daga ƙarshe ya faɗi azabar da aka gana musu, da dalilin da ya sa suka zaɓi ƙasar Najjashi a kan sauran ƙasashe.

Wanda ya san tarihin Najjashi zai gane inda wannan bayani ya taɓa shi. Nana A'isha (RA) ta ba da labarin cewa manyan ƙasar sun kashe mahaifinsa yana yaro, suka naɗa baffansa. Da suka ga ya taso da basira, suka ji tsoron zai rama, sai suka sayar da shi ga wani ɗan kasuwa a kan dirhami 600. Aradu ta kashe baffan, aka rasa wanda ya cancanci sarauta a cikin 'ya'yansa, dole suka bi sawun wanda suka sayar suka dawo da shi. Saboda haka maraicin da Ja'afar ke magana a kai, da kora daga gida, da danniyar mai ƙarfi, duk abubuwa ne da sarkin ya ɗanɗana da kansa.

Najjashi ya nemi a karanta masa wani abu daga abin da aka saukar. Ja'afar ya zaɓi farkon Suratu Maryam. Surar ta buɗe da Annabi Zakariyya (AS), dattijo mai furfura wanda matarsa ba ta haihuwa, yana roƙon Ubangijinsa magaji a asirce. Sai ta shiga labarin Nana Maryam, budurwa tsarkakakkiya da naƙuda ta kama ita kaɗai a gindin dabino, har ta yi burin da ma ta mutu kafin wannan rana, sannan ta koma wurin mutanenta riƙe da jariri suna jifanta da zargi. Begen haihuwa da zafin naƙuda da ɗacin ƙazafi ba su da ƙabila, kowane gida a Makka da Habasha ya san su. Najjashi ya yi kuka har gemunsa ya jiƙe, limamansa ma suka yi kuka har suka jiƙa littattafansu. Ya bayyana cewa wannan karatu da abin da aka saukar wa annabawan da ya sani daga alkuki guda haskensu ya fito, ya kuma rantse ba zai miƙa su ba.

Gaskiyar da ba a ɓoye ba

Amru ya yi niyyar komawa washegari da makamin da yake ganin zai tumɓuke su daga tushe. Abokin tafiyarsa ya hana shi, yana tuna masa cewa ko sun saɓa, 'yan'uwansu ne na jini, amma ya ƙi ji. Ya gaya wa sarki cewa Musulmi suna faɗin magana mai girma a kan Isa ɗan Maryam. Ummu Salama ta ambata cewa ba su taɓa shiga damuwa irin ta wannan rana ba. Suka yi shawara, suka tsaya a kan cewa za su faɗi abin da Annabinsu ya zo da shi, kome zai faru ya faru.

Ja'afar ya faɗa ƙarara cewa Isa (AS) bawan Allah ne kuma manzonSa, ruhi ne daga gare Shi, kuma kalmarSa ce da Ya jefa ga Maryam budurwa. Najjashi ya ɗauki wani tsinke daga ƙasa, ya nuna cewa Isa bai wuce abin da Ja'afar ya faɗa ba ko da gwargwadon tsinken. Fadawa suka yi gunaguni, bai kula su ba. Ya ba Musulmi cikakken aminci, ya sa aka mayar wa Ƙuraishawa kyaututtukansu, yana mai tunawa cewa Allah bai karɓi toshiya daga gare shi ba lokacin da Ya mayar masa da mulkinsa.

Amincin ya zama na ɓangare biyu. Da wani ya yi wa Najjashi tawaye, Musulmi suka duƙufa da yi masa addu'ar nasara. Zubairu ɗan Awwam, wanda yake cikin mafi ƙarancin shekaru a cikinsu, ya hura salka ya ɗaura a ƙirji, ya yi iyo ya ƙetare kogi domin ya gano musu yadda yaƙin zai kaya. Ya dawo da albishir, suka yi murna matuƙa.

Dawowa da labarin Habasha

Ja'afar ya zauna a Habasha fiye da shekara goma. A can Asma'u ta haifa masa Abdullahi da Muhammadu da Aunu. Ya iso ga Manzon Allah (SAW) a shekara ta 7 bayan hijira, daidai lokacin da aka ci Haibar. Annabi (SAW) ya sumbaci goshinsa, ya nuna cewa bai san wanne ya fi faranta masa rai ba tsakanin nasarar da dawowar ɗan baffansa.

Labari bai tafi Habasha kawai ba, ya kuma dawo daga can. Ibnu Majah ya ruwaito daga Jabir (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya nemi waɗanda suka dawo su ba shi labarin abubuwan mamaki da suka gani. Suka ba shi labarin wata tsohuwa daga masu ibadar Kiristocin ƙasar, tana ɗauke da tulun ruwa a ka, wani saurayi ya tunkuɗe ta, ta faɗi a kan gwiwoyinta, tulun ya fashe. Da ta miƙe sai ta gargaɗe shi da ranar da Allah zai tara na farko da na ƙarshe, hannuwa da ƙafafu su ba da shaida. Manzon Allah (SAW) ya gaskata maganarta, ya kuma gina darasi a kanta, cewa Allah ba zai tsarkake al'ummar da ba a karɓar wa mai rauninta haƙƙinsa daga mai ƙarfinta ba. Ta haka maganar wata tsohuwa Bahabashiya da ba a san sunanta ba ta shiga littattafan hadisi, ɗalibai suna karanta ta har yau.

A Madina an yi wa Ja'afar laƙabi da Uban Miskinai. Abu Huraira (RA) ya ba da labarin yadda yake kai su gidansa ya ciyar da su abin da ya samu, har wani lokaci ya fito da tandun mai da babu komai a ciki, su tsaga shi su lashe abin da ya maƙale. Buhari ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya shaida masa ya yi kama da shi a halitta da hali.

Shahadarsa

A watan Jumada Ula na shekara ta 8 bayan hijira, wato 629 Miladiyya, Manzon Allah (SAW) ya tura runduna ta mutum 3,000 zuwa Mu'uta, a kudancin ƙasar Jodan ta yau, bayan wani shugaba na ɓangaren Rumawa ya kashe jakadansa Harisu ɗan Umair. Ya naɗa Zaidu ɗan Harisa jagora, bayansa Ja'afar, bayansa Abdullahi ɗan Rawaha. Da Zaidu ya yi shahada Ja'afar ya karɓi tuta. Aka sare hannunsa na dama, ya riƙe da hagu, aka sare na hagun, ya rungume ta da damatsansa har ya faɗi. Abdullahi ɗan Umar (RA) ya ce sun ƙirga sara da suka fiye da 90 a jikinsa. Annabi (SAW) ya ba da labarin cewa Allah Ya musanya masa hannuwan da fukafukai biyu a Aljanna. Ya je gidan Asma'u ya rungumi yaran yana hawaye, ya kuma umarci a dafa wa iyalan Ja'afar abinci, wanda shi ne asalin sunnar kai abinci gidan makoki.

Abin lura shi ne, mutumin da ya zauna lafiya shekaru masu yawa a ƙarƙashin sarautar Kiristocin Habasha shi ne ya yi shahada a gaban rundunar Kiristocin Rum. Abin da ya raba wuraren biyu shi ne adalci a ɗaya, da kisan jakada a ɗayan. Najjashi kuwa ya musulunta, kuma da ya rasu a shekara ta 9 bayan hijira Manzon Allah (SAW) ya jera sahabbai sahu-sahu a Madina ya yi masa sallar gawa daga nesa. Amru ɗan Asi ma ya musulunta a shekara ta 8, kuma ta hannunsa aka buɗe Masar.

Abin da ya rage gare mu

Darasi na farko yana tare da Najjashi, wanda ya ƙi yanke hukunci a kan mutane da labarin da maƙiyansu suka kawo. Gidaje da unguwanni da yawa sun rabu saboda an ji ta bakin Amru, ba a kira Ja'afar ba. Na biyu yana tare da Ja'afar, wanda ya fara da abin da ya haɗa shi da mai sauraronsa, sannan da aka tambaye shi abin da ya raba su bai tauye aƙidarsa ba, bai kuma ci mutuncin kowa ba. Ɗalibin da zai yi magana da maƙwabcinsa wanda ba Musulmi ba yana buƙatar duka biyun. Na uku yana kan iyaye: Ja'afar ya iya zaɓen surar da ta dace da wurin ne saboda ya san ƙissoshin Alƙur'ani da ma'anarsu. Yaron da ya haddace Suratu Maryam ya cancanci a zauna da shi a gaya masa abin da take faɗa, domin ya san cewa baƙin ciki da bege da tsoron zalunci suna cikin ƙirjin kowane ɗan Adam.

Allah Ya ƙara wa Ja'afar da Najjashi yarda, Ya ba mu harshe mai gaskiya da kunne mai adalci, Ya haɗa mu da su a gidan Aljanna. Amin.