Marie Curie: hasken da ke warkarwa, yake kuma ƙuna

An haifi Maria Sklodowska a birnin Warsaw ranar 7 ga Nuwamba, 1867, lokacin da Poland ke ƙarƙashin mulkin Rasha, jami'ar birnin kuma ba ta karɓar mata. A 1891 ta tafi Faransa karatu, ta auri Pierre Curie a 1895. Su biyu suka gano sinadarin radiyam a 1898, kuma sau biyu tana samun lambar yabo ta Nobel, a 1903 da 1911.

Tun da wuri radiyam ya nuna halinsa. A 1901 Pierre ya ɗora shi a dantsensa da gangan, fatar ta ƙone, gyambon ya yi makonni bai warke ba. Likitoci suka ga cewa abin da ke cin lafiyayyen nama zai iya cin sankara. Kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, likitoci biyu a Paris, Pasteau da Degrais, suka fara zura radiyam ta mafitar fitsari domin gasa sankarar furostet, wato ƙullutun da ke ƙasan mafitsarar namiji.

Matsalar ita ce maƙwabtaka. Mafitsara na samansa, ƙarshen hanji na bayansa, jijiyoyin mazakuta kuma na gefensa. Shi ya sa wanda aka yi wa gashi kan yi fama da zafin fitsari, gudawa, jini a bayan gida, wani lokaci da raunin mazakuta da kan bayyana bayan watanni ko shekaru. Na'urorin yau da kwamfuta ke saita haskensu, da ƙananan ƙwayoyin aidin da ake dasawa cikin ƙullutun, sun rage ɓarnar ƙwarai, amma ba su kawar da ita ba.

Ita kuwa Marie ba ta cika kare kanta ba. Yatsunta sun ƙone, yana ta rufe idanunta, ga shekarun da ta yi tana ɗaukar hoton ƙashin sojoji a fagen daga. Ta rasu ranar 4 ga Yuli, 1934, bayan ɓargonta ya daina samar da jini. Har yau littattafan bincikenta na cikin akwatunan dalma.

A Afrilun 1995 aka mayar da gawarta Pantheon, makwancin gwarazan Faransa. Shugaba François Mitterrand ne ya jagoranci bikin, alhali shi kansa sankarar furostet ta ci ƙarfinsa. Bai cika wata tara ba ya rasu.