William Seymour, Mai Wa'azin Titin Azusa

Ya ɗan'uwa mai karatu, ko a Galmi kake ko a Ƙonni, ka ji ana gardama a kan addu'a da harsuna. Ga labarin mutumin da abin ya bazu ta hannunsa.

An haifi William Seymour a Amurka a 1870, ɗan 'yantattun bayi. Agana ta cinye masa ido ɗaya. Da ya je koyon Littafi Mai Tsarki a Houston, sai a bakin ƙofa ya zauna yana saurara, don baƙar fata ne.

A 1906 aka kira shi Los Angeles. Ya yi wa'azin harsuna, alhali shi kansa bai taɓa yi ba. Suka kulle masa ɗakin sujada. Ya koma yin addu'a a gidan waɗansu masu bi, a watan Afrilu kuwa suka fara magana da harsuna. Taro ya yi yawa, suka ƙaura zuwa wani tsohon gini a titin Azusa, baƙi da farare tare, abin da ba a saba gani ba.

Waɗansunsu suka tafi Indiya, suna tsammani za su yi wa'azi ba sai sun koyi harshen ƙasar ba. Ba wanda ya gane su. Fararen ma da yawa suka janye daga gare shi. A ganina wannan ya fi masa ciwo. Daga baya ya koyar cewa ƙauna ita ce shaidar Ruhu Mai Tsarki, harshe kaɗai bai isa ba.

Ya rasu a 1922, ikkilisiyarsa ta ragu ƙwarai.